Abin da Ke Cikin Ƙofa

Kat-kat ta Baba ta girme ni da damina uku.
Fenti ya koɗe kamar zanen da aka manta kan igiya,
amma inji garau, sai dai maƙogwaro:
kunna rediyo, ka ce zanzaro ne
ya faɗa gwangwani ya rasa hanyar fitowa.

Lasifikar hagu ta mutu tun ina lakwal.
Ta dama na tari, tana kakari,
mai labarai sai ka ce da goro cike da baki.
Mun saba. Muna cike mata gurbin kalmomi
kamar yadda ake yi wa tsohon da haƙoransa suka gama zubewa.

Ran Alhamis na kai ta bayan Kasuwar Dole,
wurin Ma'azu mai wayoyi, ɗan Garin Malam,
turnabis a bayan kunne kamar alƙalamin malami.
Ya ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa, ya kasa kunne,
ya ce, "Tun da aka ƙera ta ba a buɗe nan ba."
Jaka ashirin ya yanka. Na ce sha biyar. Ya ce albarka.
Muka tsaya a sha takwas, kowa na ƙorafin faɗuwa.

Ƙusoshin roba suka dinga karyewa ɗaya-ɗaya,
rana ta riga ta cinye su tun ba yau ba.
Da marfin ya fita, ga abin da ƙofa ta haɗiye:
yashin hanyar Tanut, cikin tafi biyu,
ƙwallon dabino bakwai,
dala biyar ta ƙarfe da ta yi kore,
da biron da Baba ya taɓa zargina da ɗaukewa.

Tsohuwar lasifika kuwa, takardarta ta yage
kamar fatar kalangun da ɓera ya yi wa ɓarna.
Maganaɗisunta kaɗai bai tsufa ba,
ya rungume ƙananan ƙusoshi, ya ƙi sakewa.

Sabuwar ta fi ramin faɗi.
Ma'azu bai ce uffan ba, ya yanko katako,
ya fafe shi zobe, ya goge, ya gwada, ya sake gogewa.
Ya ɗora wayoyi kan batirin tocila,
takarda ta yi tsalle gaba, ya ce, "Ga ja, ga baƙi.
In ka juya ɗaya, su biyun gardama za su yi,
wannan na turawa, waccan na ja,
murya ta fito ba ciki, kamar ƙwaryar da aka gama kwashewa."

La'asar sakaliya ya ce in gwada.
Kaset ɗaya ne a aljihun mota, wanda na haddace:
saƙon da Baba ya ɗauka don ƙaninsa da ke Sabha,
aka rasa mai tafiya, ya zauna nan.
"Ina gaida Zabeiru, gero ya yi tsada bana..."
Na san wannan. Sau ɗari na ji shi cikin ƙugi.

Amma yau, can bayan muryarsa,
inda dā ƙarar zanzaro take,
akwai taɓarya tana sauka a turmi,
akwai jariri yana tsala kuka,
akwai mace ta ce, "Malam, ka faɗa masa yaron ya fara haƙori,"
ta yi dariya.
Inna.
Shekara goma sha ɗaya rabona da wannan dariya,
ashe tana nan cikin mota, muna ta yawo da ita,
Mirya, Matamai, Magariya,
ba mai jin ta sai ƙofa.

Ma'azu ya duƙa yana tsintar ƙusoshi da ba su zube ba.

Yaron shagonsa ya roƙi maganaɗisu.
Na ba shi na hagu.
Ta dama na naɗe a tsumma, na ajiye ƙarƙashin kujera.
Aka kira magariba, duwatsun Birni suka yi ja,
ni ko ina zaune, inji a kashe,
ina mayar da kaset baya da biron Baba,
Ma'azu na cewa, "Batir fa zai mutu,"
ina cewa to, ina sake kunnawa.